Gonar da muka sayi ɗan kwikwiyon da ke gadin tumakinmu

Wata bakwai ke nan da muka kawo shi gida, saboda haka yanzu ina da abin faɗa a kan matar da ta sayar mana da shi.

Gonarmu ƙarama ce: tumaki 19, awaki 6, sai kaji da maiɗakina ke kula da su. A cikin wata biyu karnukan da ba su da ubangida suka kashe mana 'yan raguna uku. Na ukun ɗiyata ce ta tsince shi da asuba a gindin shinge. Ranar na fara cigiyar mai kiwon karnukan gadin dabbobi.

Abin da ya fara burge ni da matar shi ne ba ta yi saurin karɓar kuɗina ba. Tambayoyi ta jero min: yaya tsayin shingenmu, dabbobi nawa ne, wa ke wuni a gona, akwai ƙananan yara? Na so in tafi da kwikwiyon yana mako 6, ta ce atafau sai ya cika mako 9 a gindin uwarsa. Da muka je gani, ba a keji muka same su ba. A cikin garke aka haife su, warin tumaki suke yi, uwar tana kwance a bakin ƙofa tana kallonmu ba ta ko ɗaga kai. Irin Kangal ne, waɗanda asalinsu yankin Sivas ne a Turkiyya: jiki ruwan ƙasa, fuska baƙa, wutsiya a naɗe. Uban ya haura kilo 50.

Ta yi min bayanin da har yau nake gode mata a kansa. Daga mako 8 zuwa 16, in ji ta, duk abin da kwikwiyo ya shaƙu da shi, shi zai ɗauka danginsa. In a falo ya tashi, falo zai yi gadi. Daga baya na karanta cewa a kan wannan wasu masana, Raymond da Lorna Coppinger, suka yi bincike a Amurka tun shekarun 1970, kuma da irin wannan tarbiyya ƙungiyar Cheetah Conservation Fund, mai aikin kare dabbar dajin da ake kira cheetah, take raba wa makiyaya karnuka a Namibiya tun 1994. Ita dai ba ta kawo sunan kowa ba. Zanen ɗan shinge ta yi min a bayan takarda: tumaki biyu masu sanyin hali, da wata kusurwa da aka kare da katako, mai ƙofar da shi kaɗai zai iya shiga in an kai masa tunkuyi, a can kuma za a ajiye masa kwanon abinci.

Daren farko ya yi mana tsawo. Kuka yake yi ba ƙaƙƙautawa, ɗiyata ta tsaya a bakin taga tana hawaye: "Baba, don Allah mu shigo da shi, tsoro yake ji." Ni ma zuciyata ta karaya, na kira matar da dare ya raba. Ta ɗauka. Ta ce, "Malam, ka daure. Je ka duba ko yana da ruwa, ka shafa kansa, ka fito." Da gari ya waye muka same shi ya cusa kai a jikin tsohuwar tunkiyarmu yana barci, ciyawa maƙale a hancinsa, ita kuma tana tuƙa abinta. Yara suka sa masa suna Gadi.

Akwai inda ta gaza, kuma dole in faɗa. Ba ta taɓa yi min gargaɗi a kan kaji ba, alhali na gaya mata muna da su. Yana wata biyar ya danne wata kaza da sunan wasa, ya fige mata baya tas. Na aika mata saƙo, sai bayan kwana huɗu ta amsa, lokacin har na gano da kaina cewa sai an sa masa igiya ana tsawata masa a gabansu kullum. Katin rigakafinsa ma ba cikakke ba ne: an rubuta allurar farko ta cututtukan karnuka na parvo da distemper, amma babu ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki, sai da likitan dabbobi ya sake farawa. Kuma ba ta sa an ɗauki hoton ƙashin ƙugun iyayen a asibitin dabbobi ba, ga shi manyan karnuka na fama da ciwon ƙugu. Wanda zai je wurinta ya tambayi waɗannan tun kafin ya ba da kuɗi.

Duk da haka, in zan ƙara na biyu wurinta zan koma. Ta ce kada in sakar masa garke shi kaɗai da sababbin haihuwa sai ya kusa shekara 2, kuma ina bin maganarta. Makon jiya cikin dare na ji haushinsa ya canja, ya yi kauri. Na fita da tocila na gan shi tsaye tsakanin tumakin da shinge, gashin wuyansa a miƙe, su kuwa sun taru a bayansa. Da safe na ga sawun karnuka biyu a waje, sun zo daf da shingen suka juya.