Zanzibar ko Maldives: Ina Ya Fi Dacewa da Iyali a Hutun Agusta?

Hajiya, kin ce ke da maigida da yara biyu kuna son ku yi mako guda a bakin teku a dogon hutun makaranta na watan Agusta, kuma zuciyarki ta rabu tsakanin Zanzibar da Maldives. Abin da ya fi damunki shi ne abinci na halal, wurin sallah, sutura, biza, da kuma kuɗin da za a kashe. Amsata ita ce Zanzibar, da sharaɗin a fara neman biza tun yanzu. Ga yadda na auna su.

Lokacin da kika zaɓa ya riga ya yanke rabin hukuncin. Daga watan Yuni zuwa Oktoba rani ne a Zanzibar, iska mai sanyi na kaɗawa, zafi ya sauka, ruwan sama ba ya yawa. Babbar daminarsu daga Maris ce zuwa Mayu, sai wata 'yar ƙarama wajen Nuwamba. A Maldives kuwa Agusta tsakiyar damina ce, wadda ke kamawa daga Mayu har wajen Oktoba. Ba kullum ake ruwa ba, ana samun ranaku masu kyau, kuma farashin ɗakuna yana sauka. Sai dai teku na yin fushi, kuma a ƙasar da kowace fita sai an hau jirgin ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara. Da hutun Janairu ko Fabrairu kika ce, da maganar ta canza, domin a lokacin ne Maldives ke kan ganiyarta.

A batun biza kuwa Maldives ce ke gaba nesa ba kusa ba. Suna ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, matuƙar yana da fasfo mai rai, tikitin komawa, da shaidar ya kama masauki. Akwai wani fom na intanet da ake kira IMUGA, wanda ake cikewa cikin awa 96 kafin a sauka. Zanzibar kuwa yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, don haka dokar shige da fice ta Tanzaniya ce ke aiki, kuma masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet, hukuma ta duba ta amince tukuna, abin da kan ɗauki makonni. Ku ba shi wata biyu, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amincewar ta fito. Bayan wannan, tun daga 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar daga gida. Katin rigakafin cutar shawara kuwa duk ƙasashen biyu suna neman sa daga wanda ya taso daga Najeriya, har da na yara.

Hanya ma Zanzibar ta fi kusa. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa Adis Ababa, daga can a canza jirgi zuwa Zanzibar. Maldives sai an bi ta yankin Larabawa, galibi Doha, sannan a ƙara wasu awanni a sama zuwa cikin tekun Indiya. Kuma sauka a Velana, babban filin jirgin Maldives, ba shi ne ƙarshen tafiya ba.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Maldives tsibirai ne kusan 1,200, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Manyan otal-otal ɗin da ake gani a hotuna, masu ɗakuna a kan ruwa, kowanne tsibirinsa daban, ba gari, ba kasuwa, ba wani mai sayar da abinci sai shi. Zuwa can sai da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da rana, kuma kuɗinsa na mutum huɗu kan iya kai kuɗin wasu kwanaki na masauki. A kan farashin ɗaki ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 a watan Yulin 2025, da harajin muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare. Ruwan sha ma saye ake yi a wasu wuraren. Wanda zai canza naira zuwa dala ya biya wannan, ya kamata ya ga jimlar ƙarshe a rubuce kafin ya ce ya yarda.

Akwai wata Maldives ɗin ta biyu, kuma ita nake ba mutanenmu shawara idan har can suka nufa. Tun 2009 gwamnati ta ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, wadda ba ta wuce tafiyar kamar rabin awa daga Male, babban birnin ƙasar, a jirgi mai gudu ba. A can harajin muhalli dala 6 ne, ɗakuna na da sauƙi, ba a sayar da giya kwata-kwata, ana jin kiran sallah, shaguna na rufewa idan lokacinta ya yi. Masu son yin wanka da kayan Turawa an keɓe musu gefe guda, sauran gari kuwa mace mai hijabi ita ce 'yar gida. Da safe za a kawo miki mas huni, wato kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Ku dai tuna jiragen ruwa na gwamnati masu araha ba sa aiki ranar Juma'a.

Game da addini, ki kwantar da hankalinki a duk biyun. Maldives ta karɓi Musulunci tun 1153, kuma tsarin mulkinta bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa. Zanzibar ma kusan duk mutanenta Musulmi ne, masallatai ko'ina, mata sanye da baƙar abaya ko atamfarsu ta kanga. Inda za a yi hattara a duk wuraren biyu shi ne manyan otal-otal na baƙi, domin a can ana sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin abinci. A Zanzibar, yankin Kendwa da Nungwi da ke arewa su suka fi kyan ruwan wanka, amma su ne kuma matattarar masu kiɗa da shagalin dare. Mai iyali ya tambayi nisan masaukinsa da waɗannan wurare kafin ya biya.

Abin da ya fi ja na zuwa Zanzibar shi ne yara. A ƙaramin tsibiri na Maldives, bayan kwana biyu na yashi da ruwa, yaron da bai iya iyo ba zai fara tambayar yaushe za a koma gida. Kyan Maldives yawancinsa a ƙarƙashin ruwa yake, murjani da kifaye masu launi iri-iri, kuma sai mai iya sa gilashin ido ya nutsa kansa ne zai more shi. Zanzibar kuwa ƙasa ce mai garuruwa da ƙauyuka da gonaki, mutane kusan miliyan biyu. Tsohon garinta, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, tun zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840. Akwai wurin da kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, inda aka gina coci a kai, kuma har yanzu ana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Wuri ne mai sa jiki ya yi sanyi, kuma ya dace babban yaro ya gani.

Da magariba sai a gangara lambun Forodhani a bakin ruwa. Masu gasa kifi da nama sun jera tebura da fitilu, mai matse rake yana jefa citta da lemun tsami a cikin injin, samari kuma suna rugowa da gudu suna faɗawa teku daga kan katanga. A nan ku tambayi farashi kafin a ɗora komai a wuta, kuma ku zaɓi wanda aka gasa a gabanku. Da rana, shinkafar pilau da biryani a gidajen abinci na cikin gari ba za su yi wa harshen Bahaushe baƙunta ba.

Washegari a tafi gonar kayan ƙamshi. Kanumfarin da muke zubawa a kunu da zoɓo, yara za su gan shi a jikin bishiyarsa, a ɓare musu ɓawon kirfa su shinshina. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai waɗanda asalinsu na wannan tsibiri ne, akwai kuma tsibirin Changuu mai manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919. A gabashi, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye ya yi nisa sau biyu a rana, sai ka ga mata sun shiga da zannuwansu suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi, domin nomanta suke yi su sayar. Lokacin nan ba a samun ruwan wanka, amma ƙananan yara sun fi jin daɗinsa, suna tsintar kwanson teku a ruwan da bai wuce idon sawu ba.

Idan suka tsinto wuri, wato ɗan kwanson nan da aka yi kuɗi da shi a da, ki ba su labarinsa. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi asalinsa daga Maldives ake kwaso shi, ɗaruruwan shekaru. A tsakiyar ƙarni na 19 ne 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani iri mai ɗan girma daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi yawa har darajar kuɗin ta faɗi.

Wuri ɗaya da Maldives ta sake yin gaba shi ne lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 2015. A Zanzibar ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba, don haka a kwana cikin gidan sauro, a kuma ga likita kafin tafiya saboda yaran.

Ga yadda zan raba makon: kwana biyu a Stone Town, a haɗa da gonar kayan ƙamshi da Changuu, sauran kuma a bakin teku, a tsaya Jozani a kan hanya idan gabas aka nufa. Idan kuma lokaci ya ƙure bizar Tanzaniya ba ta fito ba, kada a fasa hutun. A kama masauki a Maafushi ko wani tsibiri na kusa da Male, a zaɓi jirgin da zai sauka da rana, a bar kwana ɗaya a ƙarshe don zaga Male da ganin tsohon masallacin Juma'arsu da aka gina da dutsen murjani a ƙarni na 17.