Nissan Leaf a ma'aunin muhalli: shin ta fi motar fetur tsafta?

Nissan Leaf tana cikin motocin lantarki na farko da aka ƙera da yawa domin masu matsakaicin ƙarfi. An fara sayar da ita a Japan da Amurka a watan Disamba na shekarar 2010, da ƙaramin batir mai ɗaukar kilowat-awa 24 (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar lantarki), sannan a 2017 aka fito da sabon samfuri mai kilowat-awa 40, aka biyo shi da mai 62 a 2019. Wannan sharhi ya shafi mai kilowat-awa 40 ɗin ne, wadda aka ƙera a masana'antun Oppama a Japan, da Smyrna a Amurka, da Sunderland a Ingila, kuma yanzu ake samunta sosai a kasuwar motocin hannu. Tambayar da na auna ta da ita guda ɗaya ce: idan mutum ya ajiye motar fetur mai girmanta ya koma kanta, me muhalli ya ƙaru da shi?

Ta fuskar tuƙi ba ni da abin cewa mai yawa, domin motar ta yi abin da ake so motar iyali ta yi. Tana ɗaukar mutum biyar, tana da ƙarfin doki 150, kuma da an taka totur take zabura ba tare da jiran canjin giya ba, saboda giya ɗaya gare ta. Babu baƙin mai da za a juye, babu fulogi, babu salansa. A gwajin Turai an rubuta mata kilomita 270 a caji ɗaya, amma gudu a babbar hanya da tsananin sanyi suna rage wannan adadi sosai, don haka motar cikin gari ce da kewayensa kafin komai. Akwai kuma tsarin da kamfanin ya kira e-Pedal, wanda idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin ke rage gudun motar da kansa yana mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Wannan ya fi amfani a cunkoso, inda motar fetur ke ƙona mai tana tsaye.

Fa'idar da ba a musu a kanta ita ce ta iskar da mutane ke shaƙa a bakin titi. Motar fetur tana fitar da gurɓatacciyar iska mai cutar da huhu daidai tsayin hancin yara da masu tafiya a ƙasa, ita kuwa Leaf ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan a inda take tafiya. Ko da tashar da ke ba ta wuta tana hayaƙi, hayaƙin yana fita ne daga wuri guda da za a iya sa masa ido a tace shi, ba daga dubban salansoshin da kowanne ke da tasa lalurar ba.

Batun ɗumamar yanayi ne yake buƙatar lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. Kowace lita ɗaya ta fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, wadda ke ɗumama yanayi. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 ke nan tana fitar da kilo 16 daga salansa, idan kuma aka haɗa da abin da aka fitar wajen haƙo ɗanyen man, da tace shi, da dakon sa zuwa gidan mai, adadin yana kaiwa wajen kilo 20. Leaf tana jan kimanin kilowat-awa 18 daga soket ɗin bango domin yin wannan tafiya, idan aka haɗa da wutar da ke salwanta yayin caji. To, a nan ne maganar ta rabu gida-gida. Idan wutar daga tashar iskar gas ta fito, tafiyar ta jawo kimanin kilo 8. Idan daga madatsar ruwa ce, ko hasken rana, ko nukiliya, abin da ta jawo bai taka kara ya karya ba. Idan kuwa daga tashar kwal ce zalla, wadda ke fitar da kusan kilo ɗaya a kowace kilowat-awa, to Leaf ta jawo kilo 17 ko 18, wato ta yi kusan kunnen doki da motar fetur. Dalilin da ya sa take yin nasara a mafi yawan lokuta shi ne injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfin mai a matsayin zafi, abin da ke isa tayoyi bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali motar lantarki tana isar da fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta ja.

Wannan yana nufin mota ɗaya tana iya zama abu biyu daban a ƙasashe biyu. A Norwe, inda kusan kashi 90 cikin 100 na lantarki daga ruwa yake fitowa, kuma kusan motoci tara cikin goma da aka saya sababbi a 2024 masu lantarki ne, Leaf mota ce mai tsafta ƙwarai. Haka take a Faransa, wadda nukiliya ke ba ta wajen kashi biyu cikin uku na wutarta. A Poland ko Indiya, inda kwal ya fi rinjaye, ribar tana nan amma siririya ce. Binciken da ICCT, cibiyar nazarin sufuri mai tsafta, ta fitar a 2021, wanda ya lissafa rayuwar mota tun daga ƙira har zuwa lokacin da aka yi watsi da ita, ya nuna cewa matsakaiciyar motar lantarki ta rage hayaƙin ɗumamar yanayi da kashi 66 zuwa 69 cikin 100 a Turai, amma kashi 19 zuwa 34 kawai a Indiya. Wanda kuma zai riƙa yi mata caji da janaretan fetur ko na dizal saboda rashin tsayayyiyar wuta, gara ya san cewa man da ya guje wa a gidan mai shi yake ƙonawa a bayan gida, ta hanya mafi tsawo.

Sai dai tun kafin motar ta yi tafiyar kilomita ɗaya, ta riga ta ci bashi. Ƙera batir aiki ne mai cin wuta, kuma ƙiyasin da cibiyar binciken muhalli ta IVL da ke Suwidin ta yi a 2019 ya sa shi tsakanin kilo 61 da 106 na kabon dayoksaid a kowace kilowat-awa ta batir. Ga batirin Leaf mai 40, wannan ya kama tan biyu da rabi zuwa tan huɗu, nauyin da motar fetur ba ta fito da shi daga masana'anta ba. Idan Leaf tana rage kilo 12 a kowane kilomita 100, kamar yadda lissafin wutar gas ya nuna, za ta biya bashin ne bayan tafiyar kilomita 20,000 zuwa 35,000, wanda ga yawancin direbobi shekara biyu ne ko uku. Bayan nan duk tafiyar da ta yi riba ce. A kan wutar kwal zalla kuwa, tana iya tsufa ba ta gama biya ba.

A nan ne na ga Leaf ta cancanci yabon da ba a cika yi mata ba, domin abin da ake kushe ta da shi, wato ƙanƙantar batir, shi ne ƙarfinta a wannan ma'auni. Kasuwa ta karkata ga manyan motoci masu batir na kilowat-awa 80 ko 100, har akwai irin GMC Hummer ta lantarki mai batir sama da 200 da nauyin da ya haura tan huɗu. Ma'adinan da ke cikin batirinta ɗaya sun isa a ƙera batiran Leaf biyar. Mutumin da tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 50 ba, amma ya sayi batir mai kai shi 600 saboda doguwar tafiyar da yake yi sau biyu a shekara, ya ninka bashin ne ba tare da ya ƙara hanyar biyansa ba.

Ma'adinan kansu suna da nasu tabon, kuma ba zan rufa wa Leaf asiri a kai ba. Batirinta na ɗauke da litiyam da nikel da manganis da kobalt. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda an daɗe ana samun rahotannin yara masu aiki a ƙananan ramukan haƙa. Litiyam ana fasa shi daga duwatsu a Ostareliya, ko a tsotso shi daga ruwan gishirin ƙarƙashin hamadar Atakama a Chile, yankin da ruwa ya riga ya yi wa mazauna ƙaranci. Fiye da rabin nikel ɗin duniya kuma daga Indonesiya ne, inda haƙarsa ke cin dazuzzuka. Motoci da yawa na BYD da wasu na Tesla sun koma ga batir mai ƙarfe da fosfet wanda ba ya buƙatar kobalt ko nikel, kuma ta wannan fuska sun sha gaban Leaf. Abin da ya kamata a tuna kawai shi ne ana haƙo ma'adinan batir sau ɗaya ne su yi shekaru suna aiki, fetur kuwa kullum sai an haƙo sabo an ƙone, da duk malalar mai da ƙona gas da ke tattare da haka.

Babban raunin motar shi ne zafi. Yawancin motocin lantarki na yanzu suna zagaya ruwa a jikin batir domin sanyaya shi, amma wannan samfuri na Leaf ya dogara ne da iskar da ke kewaye da shi kawai. Tun a 2012 masu samfurin farko a jihar Arizona ta Amurka suka koka cewa batiransu suna rage ɗaukar caji da wuri, a 2018 kuma aka lura cewa mai kilowat-awa 40 tana rage saurin caji idan aka yi mata cajin gaggawa sau da yawa a tafiya ɗaya, domin ta kare batir daga zafi. Ana yawan kallon wannan a matsayin damuwar aljihu, amma ni ina ganin damuwar muhalli ce kai tsaye, saboda duk lissafin da ya gabata ya rataya ne a kan batirin ya yi tsawon rai. Batirin da aka canza a shekara ta takwas maimakon ta goma sha biyar ya sa an sake cin bashin daga farko. Kamfanin yana ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 idan ƙarfin batir ya sauka ƙasa da layi 9 cikin layuka 12 da allon motar ke nunawa, wannan kuwa kariya ce ga mai saye, ba ta mayar da ma'adinan da aka haƙo ba.

Tsohon batir dai ba shara ba ne nan take. Nissan da Sumitomo sun kafa kamfanin 4R Energy a 2010 domin sake amfani da batiran Leaf, kuma tun 2018 filin wasa na Johan Cruijff da ke Amsterdam yake adana wutar rana a rumbun da ya ƙunshi irin waɗannan batira, sababbi da tsofaffi. Ƙurar taya kuma tana nan, ta yiwu ma ta ɗan fi ta motar fetur, tunda Leaf ta kai kusan kilo 1,600, ko da yake ƙurar birki ta ragu saboda ba a cika taka shi ba.

Hukuncina shi ne, ga mai zirga-zirgar cikin gari da ke da wurin caji a gida, a ƙasar da ba kwal ne kaɗai ke ba ta wuta ba, ko kuma mai faifan sola a rufinsa, Leaf ta fi motar fetur mai girmanta sauƙi ga muhalli da tazara mai faɗi, kuma ta hannu ta fi sabuwa, tunda mai ita na farko ya riga ya biya wani ɓangare na bashin ƙirarta. Ga mai zaune a yanki mai tsananin zafi, ko mai yawan doguwar tafiya, zan fi ba shi shawarar ya nemi motar lantarki mai sanyaya batir da ruwa, ya kuma lura cewa irin soket ɗin cajin gaggawa na wannan samfuri na Leaf, wanda ake kira CHAdeMO, yana ƙara wuyar samu a sababbin tashoshin Turai da Amurka. Duk wanda zai sayi ta hannu, kada ya tsaya ga kilomitar da ta ci kawai: ya buɗe allon ya ƙirga layukan lafiyar batir, idan sun gaza 10 cikin 12 ya nemi a auna batirin da na'ura kafin a yi ciniki.