Rumbun alƙaluman BIS da sawun bashin ƙetare

Bankin BIS (Bank for International Settlements), wato bankin da ke yi wa manyan bankunan ƙasashe hidima, da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1930, yana da rumbun alƙaluma a intanet da kowa zai iya shiga kyauta. Na yi makonni ina amfani da shi a kan tambaya guda: idan harkar kuɗi ta girgiza a Amurka ko Turai, ta wace hanya ƙarancin rance ke isa ƙasashen da ba su ji ba, ba su gani ba?

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda aka kasa lissafin bankuna gida biyu. Kashi ɗaya yana bin ƙasar da reshen banki yake zaune, ɗayan kuma yana bin ƙasar da uwar bankin take. Idan reshen wani bankin Faransa da ke Landan ya ranta wa kamfani kuɗi a Afirka, lissafin farko zai ce daga Birtaniya kuɗin suka fito, alhali ranar da asara ta afka wa hedikwata a Paris, daga can ne umarnin tsuke bakin aljihu zai zo. Da na zaɓi watanni ukun ƙarshe na 2008, wato bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers na Amurka ranar 15 ga Satumba, sai na ga layin rancen ƙetare ya sulmiyo ƙasa kamar gugan da igiyarsa ta tsinke. Irin wannan ja da baya ya sake bayyana a ƙarshen 2011, lokacin da rikicin bashin ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro ya sa bankunan Turai tattaro kuɗinsu gida.

Shafin bashin dala ma ya cancanci a zauna a kansa. Yana nuna cewa abin da ake bin gwamnatoci da kamfanonin da ke wajen Amurka ya haura dala tiriliyan 12, kuma mai karatu zai ga yadda haɓakarsa ta tsaya bayan Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023. A tsakiyar wannan matsi ne Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022, ko da yake akwai nata matsalolin na cikin gida.

Rumbun yana da iyakarsa. Alƙaluman suna fitowa duk bayan wata uku, kuma sai kusan wata huɗu da rufe lissafin, saboda haka ɗalibi da mai bincike ne za su fi morarsa, ba ɗan jaridar da ke neman labarin yau ba. Bayanan kuma daga bakin masu ba da rance suke, don haka Najeriya tana fitowa ne a layin waɗanda ake bi. Ɗan kasuwar da bankinsa ya ƙi buɗe masa takardar lamunin shigo da kaya ba zai ga kansa a ciki ba, amma zai ga watannin da bankunan waje suka rage wa na ƙasarsa dala.