Shagon maganin gargajiya a Kurmi: turaren sauro ya yi, jiƙon zazzaɓi da sauran gyara

Tun farkon damina nake sayayya a wani ƙaramin shago na masu saiwa da sassaƙe a Kasuwar Kurmi ta Kano, kuma yanzu da kaka ta kama, na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Abin da ya fara kai ni wurin shi ne turaren korar sauro da mai shagon yake haɗawa da busasshen ganyen darbejiya da ɗoɗɗoya da ɓawon lemu. Ana barbaɗa shi a kan garwashi a kasko bayan sallar Magariba, a rufe ɗaki na ɗan lokaci, sannan a buɗe tagogi kafin yara su shiga. Sauro yana raguwa ƙwarai, kuma ƙamshinsa bai kai na igiyar sauro hawa kai ba. Sai dai ƙarfinsa ba ya kaiwa asuba, alhali macen sauron da ke yaɗa zazzaɓi da dare take cizo, don haka ko sau ɗaya ban bar iyalina sun kwana ba gidan sauro ba. Hayaƙin kuma yana da kauri, bai dace da ɗakin jariri ko na mai asma ba.

Inda raina bai kwanta ba shi ne jiƙon zazzaɓin da yake ƙullawa a leda, wanda ya ƙunshi ganyen sanga-sanga da sassaƙen maɗaci da tazargade. Babu rubutun abin da ke ciki, babu ranar haɗi, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma awon da ake faɗa wa kowa shi ne kofi ɗaya safe da yamma, ba tare da la'akari da shekaru ko nauyin jiki ba. Ba raina itatuwa nake yi ba, domin kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka samo shi, haka nan sinadarin da ke cikin magungunan da asibiti ke bayarwa yau daga wani dangin tazargade na ƙasar Sin masaniyar kimiyya Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi a 1972, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Bambancin shi ne ƙwaya tana da awo tabbatacce, jiƙo kuwa ƙarfinsa yana sauyawa daga ƙulli zuwa ƙulli. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan ganyen tazargade da danginsa a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda awon da bai isa ba yana iya barin cutar a jini, ya kuma koya mata jure wa magani.

Duk da haka, dattakon mai shagon ya burge ni. A gabana wata mata ta nemi jiƙon don ɗanta da jikinsa ya yi zafi kwana biyu, sai ya ce mata: "Hajiya, a fara kai shi a yi masa gwajin jini tukuna." Bai sayar mata ba. Kayansa kuma a bushe suke, a rufe, babu ƙura ko hunhuna.

Zan ci gaba da sayen turaren har sanyi ya shigo. Jiƙon kuwa na bar shi, kuma na roƙe shi ya fara rubuta sunayen itatuwan da ranar haɗi a jikin kowace leda.