Haɗin wayar sumo a Legas: wane tef ya dace ka saya?

Mai haɗa wayar sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa a rijiyar burtsatse, ko a Agege yake ko a Ajah, abu uku ne a gabansa. Baƙin tef na leda, wannan kada ma a kai shi cikin ruwa shi kaɗai, gam ɗinsa saki yake. Bututun da ake gasawa ya tsuke ba laifi in mai gam a ciki ne, sai dai samun daidai kaurin waya aiki ne.

Na ukun shi ne tef na ɗanyar roba, ni ita nake saye, irin Scotch 23 na kamfanin 3M. Roba ce da ba a gasa ba. Za ka ja ta har faɗinta ya koma kashi 3 cikin 4, kana naɗawa rabi kan rabi, sai ta haɗe ta zama jiki ɗaya. Jikinta ta fi kamawa, a kan jan ƙarfe kuwa matsin jan nan ne ke riƙe ta. Shi ya sa iska ce abokiyar gabarta: da ka ɓare ledar da aka naɗo ta da ita, ƙura da laima sun fara zama a fuskarta, danƙon yana raguwa. Jan ƙarfen ma dushewa yake a iskar gishirin nan ta bakin teku. Ka kankare shi ya yi haske, ka naɗa nan take, sannan ka bi da baƙin tef mai kyau a sama.

Wasu kan ɗebo robar masu faci don araha. Haba malam! Akwai farar wuta a cikinta, tana cin jan ƙarfe. Dalilin da ya sa ke nan aka riƙa shafa wa jan ƙarfen wayoyin roba na zamanin da kuza.

Sai jabu, wanda ya taɓa sa ni zaro sumo daga rijiya ana tsakiyar damina. A kasuwar Alaba za a miƙo maka kwali tsaf, ciki kuwa busasshiyar roba ce mai tsinkewa da ka ja. Na gaske ma yana tsufa: kamfanin ya ba shi shekara 5 in zafin ma'ajiya bai wuce digiri 27 ba, shagon kwano kuwa ka san yadda yake da rana. Wanda aka rataye tsirara a bakin shago, ko wanda ledarsa ta manne ta ƙi ɓaruwa, bar musu kayansu. Ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka ja, ka naɗa a jikin biro, ku taɓa hira. In ya warware salin-alin, kada kuɗinka ya fita daga aljihu.