Moodle ko Google Classroom? Malam, ɗauki Moodle

Malam, ka tambaya wanne za ka ɗauka tsakanin Moodle da Google Classroom, manhajojin koyarwa ta intanet. Tunda ma'aikata za ka horar, kuma kana son sanin wanda ya koya da wanda ya leƙa ya wuce, ka ɗauki Moodle, ba sai an yi dogon turanci ba.

Shekara huɗu ke nan ina aiki da shi. Lokacin da aka ɗora mini horar da ma'aikatanmu na rassa, akwai wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ta kira ni ta ce, "Ɗana, ni fa a cire sunana, intanet ɗin wurinmu sai ya ga dama." Na sa ta sauke manhajar Moodle a wayarta, ta zazzage darussan duka a ranar da ta samu sabis. Da daddare take karatunta ba tare da data ba, har gwajin ma na ba da damar a yi shi haka, in sabis ya dawo amsoshinta su hau da kansu. Wallahi ita ta fara kammalawa, ta bar samari a darasi na uku. Daga baya ne na gane abin ba banza ba: Martin Dougiamas, wanda ya fitar da Moodle a 2002, a hamadar yammacin Ostireliya ya tashi, ta rediyo aka koyar da shi karatun firamare. Wanda ya san zafin nesa da malami ne ya ƙera abin.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda Moodle yake barin ka ka tsara tafiyar karatu. Kana iya kulle darasi na biyu har sai mutum ya ci kashi 70 a gwajin na farko. Kana iya tara tambayoyi 200 a rumbu, kowa a zaɓo masa 20 daban da na abokinsa, satar amsa ta yi wuya. Ni har ƙaramin gwaji nake sawa ya buɗe bayan mako guda da gama darasi, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a maimaita ba. Rahoton da Moodle ke fitarwa kuma ya taɓa tona mini asiri. Na ga jama'a sun cushe a darasi na huɗu, ina ta zargin lalaci, ashe bidiyon da na ɗora ne ya kai minti 40. Na yanka shi gida biyar, hanya ta buɗe.

Ba zan ɓoye maka ba, yana da wahalar farko. Sai an samu sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, da za a ɗora shi, a riƙa sabunta shi, a riƙa ajiye kwafi, kuma makon farko kanka zai ɗau zafi da yawan maɓallai. In ba ka da mai kula da sabar, akwai MoodleCloud, inda kamfanin Moodle da kansa yake riƙe maka sabar.

Google Classroom kuwa, to, ba laifi. Tun 2014 yake, cikin minti goma ka buɗe aji, ka ba da aiki ta Docs da Drive, ka karɓa ka sa maki. Na malamin makaranta ne da ɗalibansa. Ba ya karɓar darussan da aka shirya a tsarin SCORM, wato tsarin da ake ƙunshe darasi don ya yi aiki a manhajojin koyarwa daban-daban, ba ya kulle darasi bisa maki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Moodle kyauta ne, lasisinsa na GPL ya ba kowa damar saukewa. Wanda ya caje ka kuɗin sabar da na aikin hannunsa, halalinsa ne. Wanda ya ce maka "kuɗin lasisi", maƙaryaci ne. Ni an taɓa yi mini: wani ya canza tambari da launi, ya raɗa masa suna, ya ce shi ya rubuta manhajar, na biya ina ta godiya. Kalmar sirrin babban mai kula ya riƙe a hannunsa. Ranar da muka saɓa, makin mutane na wata shida ya tafi da shi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Akwai kuma masu sayar da "shiryayyun kwasa-kwasai" waɗanda bidiyon mutane ne suka kwaso daga YouTube.

Saboda haka kafin ka biya kowa, sunan shafin da sabar su kasance da sunan ma'aikatarku, asusun babban mai kula a hannunka, kuma ya nuna maka da idonka yadda ake fitar da kwafin kwas a mayar da shi. Ka fara da darasi uku da mutum goma, in ka maƙale ka taɓo ni a nan.