Ya taɓa zaman gidan yari, an sake kama shi da ƙwaya: wane lauya za a ɗaukar masa?

Ranar da aka ce hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta tafi da yaro, gida kan rikice, kowa da sunan lauyan da yake kawowa. In yaron ya taɓa zaman kaso kuwa, kada a yarda gaggawa ta yi zaɓin. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar ibilis ko makamantanta, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin shari'ar. Sashe na 416 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya hana alƙali yanke wa ɗan farin shiga hukunci mafi tsanani. Naku ya riga ya fita daga wannan inuwa, ko a wajen neman beli ma sai an duba tarihinsa.

Lauya mai zaman kansa shi ne zaɓina in da hali, amma ba kowane ba. Wanda ya ƙware a rikicin fili da gado ba lallai ya san kan wannan kotu ba. Ku zauna da shi ku tambaye shi ido da ido: shari'ar ƙwaya nawa ya tsaya a kai? Ku saurari abin da shi ma zai tambaye ku. Mai sanin aikinsa zai so ya ji ko an auna kayan a gaban yaron, ko an kai ɗakin gwaji an kawo sakamako, ko akwai lauya a wurin lokacin da aka ɗauki bayaninsa, ko an fassara masa takardar da ya dangwala wa yatsa. Zai kuma ja masa kunne kada ya tsaya gaban alƙali yana cewa bai taɓa laifi ba, domin dokar shaida ta 2011 ba ta barin a kafa hujja da mugun halin mutum haka kawai, sai dai in shi ya buɗe ƙofar da bakinsa. Kuɗi kuma a yi su a rubuce: nawa ne na beli, nawa ne na shari'a, kuɗin zuwa kotu na ciki ko daban. Uwa kan sayar da tumakinta ta biya, daga baya a ce mata wancan na beli ne kawai.

In babu hali, a nufi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, da ke jiharku. Kyauta suke yi wa wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Aiki ya yi musu yawa, saboda haka a tambaya tun ranar farko ko za su karɓi shari'ar, a kuma sa mutum ɗaya daga dangi ya riƙa bibiya.

Masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, a kawo kaza yaro ya kwana a gida, ku wuce su ko kallo.

Saura babbar magana: a amsa laifi ko a fafata? Sashe na 270 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da damar a daidaita da masu gabatar da ƙara, a amsa laifi a kan sassauci, a rubuce da sa hannu. Inda an kama shi da kayan a aljihu kuma gwaji ya tabbatar, wannan hanya na iya rage masa shekaru. Amma in a motar haya aka tsinci kayan, ko a ɗakin da mutum biyar ke kwana, ina roƙonku kada gajiya da zirga-zirga ta sa ku matsa masa ya ce "na yi". Lauyan da ya ba ku shawarar amsawa tun bai karanta takardun shaida ba, ku karɓi fayil ɗinku ku nemi wani.